Maraya Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Daren da na kama aiki
a masana'antar takarda ta bakin kogin Kemi,
dusar ƙanƙara ta ci rabin tagogi.
Aulis ya turo mini gahawar da ta huce,
ya ce, "Venla, ajiye sukudireba.
Fara sanin sunan abu kafin ki taɓa shi."

Ya nuna ɗan akwati, bai fi gidan ashana ba,
manne a ƙugun bututun tururi.
"Wannan ƙulli ne. Muna da ɗari uku.
Wani zafi yake ji, wani girgiza,
wani ba ya jin komai sai ɗigar ruwa.
Babu waya tsakaninsu, iska ce zarensu.
In kin haɗa su duka, raga."
Na ce, "Sai ka ce masunta."
Ya ce ubansa da koma ya ciyar da su,
ya ci gaba.

"Saƙo ba ya miƙe hanya.
Ƙulli ya ba maƙwabci, maƙwabci ya ba na gaba,
kowace miƙawa tsalle ce.
Tsalle biyar ya isa ƙofa,
ƙofa ta zuba shi a kan allon nan.
Abin da ya ci a hanya, jinkiri.
Wanda ya faɗi bai iso ba, ɓataccen ƙunshi.

Kowa da tsagin lokacinsa,
siriri, ƙiftawar ido ta yi masa tsawo.
Ya farka, ya faɗi ta bakinsa, ya koma barci,
don batir ya ga shekara bakwai.
Mai surutu shi ke fara mutuwa."
Na duba ko zai yi murmushi. Bai yi ba.

Ya koya mini hayaniya:
tartsatsin walda, gurnanin manyan injuna,
duk abin da ke danne ƙaramar murya.
Ya koya mini sauya tasha,
yadda suke tashi gaba ɗaya kamar tsuntsaye
su sauka inda kunne zai ji.

"Ko babu labari, ƙulli kan ce, ina nan.
Bugun zuciya ke nan.
A ce masa, na ji. Amsa ke nan.
Wanda yake bi ta wajensa, uwa.
In uwa ta yi shiru bai sami wata ba..."
Ya juya kofinsa sau biyu.
"Maraya. Haka littafin ya rubuta,
ba ni na raɗa ba."

Ƙarfe uku da kwata,
lamba arba'in da bakwai ta koma ja.
Muka sa safar hannu, muka bi ta farfajiya,
sanyi na cizon haƙori, tocila na rawa.
Ga shi can saman tanki, lafiyarsa ƙalau,
ɗan fitilarsa na ƙyafta ido,
yana ta kira, tasha bayan tasha.
Wani direba ne ya girke tirelar gumagumai
daidai tsakaninsa da uwarsa,
ya tafi shan miya.

Aka matsar da mota taku ashirin.
Kafin mu kakkaɓe takalma, allo ya yi kore.

Gab da asuba na ga Aulis a lungu,
tabarau a kan hanci, waya a tafin hannu.
Ɗansa Jouko na can Tampere,
tun ranar da aka binne Hilkka
babu wanda ya fara kiran wani.
Da yatsa ɗaya ya rubuta kalma biyu.
Ban leƙa ba, amma na san su.

Muka cika takardar miƙa aiki.
Wayar na kan tebur, fuskarta baƙa.
Ya ɗaga ta, ya mayar, ya zuge rigar sanyi.
"Jinkiri ne," ya ce wa ƙofa,
"tsallen da yawa."